Sake Wannan, Amaryata

Ƙamshin dafaffiyar gyaɗa na ji jiya a bakin tasha, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Lokacin da nake koyon rubuta manhajar kwamfuta a kwalejin fasaha, kwamfutocin ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Sau ɗaya a mako layi ke zuwa kan mutum, kuma kuskure ɗaya ya isa ya cinye masa makon. Don haka a takarda nake fara rubutawa. Bayan la'asar sai in zauna kusa da shi a gindin mangwaron gidanmu na Yelwa, in karanta masa. Shi kuwa a bayan shanu ya yi rayuwarsa, ko harafin boko bai sani ba. Yana ɓare gyaɗa, can sai ya ce, "Sake wannan, amaryata." In na sake, nan kuskuren yake.

Ranar da na faɗi jarrabawa, na dawo ya shimfiɗa mini buzunsa. Na ce, "Kaka, me ka sani a ciki? Ƙyale ni." Ya naɗe buzun a hankali. Ban ƙara zama kusa da shi ba, kuma kafin damina ta wuce ya rasu. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya yafe mini.

Bayan shekaru Goggo ta gaya mini cewa tun kafin in shiga kwaleji ya daina ji. Fuskata yake kallo, inda na ɗaure gira nan yake cewa in sake. Ranar ma fuskar ya kalla.