Ranar da Na Rufe Tagogin Ajina

A lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da shida, ban daɗe da gama kwalejin horar da malamai ba, kuma ina ji da kaina fiye da kima. A cikin garin Birnin Kudu aka haife ni, a nan na tashi, don haka da takardar aiki ta fito aka ce an tura ni koyar da Turanci a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Gwaram, can ta wajen Zandam, sai na ɗauka an aiko ni ne in wayar wa mutanen wurin da kai. Wata tsohuwa da kowa ke kira Inna ce ta ba ni ɗaki a gidanta, ina kwana a can, ranar Juma'a in hau mota in koma gida. Na rubuto muku ne saboda na san akwai sababbin malamai irina da ke karanta mujallar nan, masu kyakkyawar niyya da zafin kai, kuma ina so su ji yadda waɗannan abubuwa biyu suka kusa jawo wa 'ya'yan mutane asara a hannuna.

Mu biyu ne muke koyar da Turanci a ajin ƙarshe. Abokin aikina dattijo ne ɗan garin, ya yi sa'an mahaifina, kowa Malam yake ce masa har shugaban makaranta. Shi yake ɗaukar nahawu da rubutun wasiƙa, ni kuma karatu da magana. Yana da wani tsohon littafi da ya sha ɗinki da zare, daga ciki yake cika allo da rubutu, yara su kwafa, ya goge ya sake cikawa. Yaran nan sun iya kwafa kamar me, rubutunsu tsaf, amma idan na yi musu tambaya ɗaya da Turanci sai kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin farcensa. Abin yana ƙona mini rai. Na lura ba su taɓa jin ana hira da harshen ba, sai dai a karanta musu shi daga allo. Da na koma gida wani ƙarshen mako sai na aro ƙaramin majigi a wajen yayana, irin wanda ake caji ya haska hoto a bango, na zaɓi finafinan Turanci guda uku, na zauna na kalle su daga farko har ƙarshe don in tabbata babu abin kunya a ciki.

Da na gaya wa Malam shirina, sai ya kaɗe alli daga hannun rigarsa. Ya ce shi bai ga amfanin kallo a cikin aji ba, ga jarabawa tana matsowa, amma wannan ra'ayinsa ne, yana iya yin kuskure. Abin da ba ya shakka a kai shi ne, a garin nan kalmar kallo ba ta da kyakkyawan suna, don gidan kallo wurin samari marasa aikin yi ne. Ya ce in haƙura mu fara zuwa wajen mai unguwa da shugaban iyayen yara, su gani da idonsu, kafin yaro ko ɗaya ya gani. Ya kira ni 'yata, ya maimaita maganar har sau biyu. Ni kuwa abin da kunnena ya jiye mini shi ne tsoho yana tsoron kada yarinya ta fi shi. Na ce masa na gode, amma shugaban makaranta ya riga ya ba ni izini, kuma ban san ana neman iznin mai unguwa kafin a koyar da darasi ba. Ya ce to Allah ya sa a dace, ya ɗauki littafinsa ya fita.

Ranar farko hoton bai fito sosai ba saboda hasken rana. Ban yi wani dogon tunani ba, na sa aka rufe ƙofa, aka ja tagogin katako aka sa sakata, inda ya tsage na toshe da zanin gadona da sallayar wani malami. Ajin ya yi duhu, hoto ya fito raɗau. Fim ɗin labarin wata tsohuwa ce mai kiwon tumaki a wata ƙasa mai duwatsu da sanyi, ɗanta da ke birni yana matsa mata ta sayar da dabbobin ta koma wajensa. Nakan nuna minti goma in tsayar, in ce a faɗa mini abin da ya faru. Cikin mako uku yaran da ba sa ɗaga kai suka fara gardama da Turanci, guntu-guntu dai, kan wa ya fi gaskiya tsakanin tsohuwar da ɗanta. Har yau idan na tuna sai na ji daɗi ya cika ni. Nakan wuce Malam a baranda ina ɗauke da majigina, in gaishe shi gaisuwar da ni kaina na san akwai tsokana a cikinta. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa samari da 'yan mata ne na rufe a ɗaki mai duhu, ana jiyo kiɗa da dariyarsu daga hanya.

Wata Litinin na shiga aji na tarar benci uku na ɓangaren mata babu kowa. 'Yan mata tara ne iyayensu suka hana zuwa. Maganar ta gama gari, wai malamar nan 'yar birni ta mayar da aji gidan kallo, tana kulle maza da mata a cikin duhu. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saura mako biyu a rufe rajistar jarabawar kammala sakandare, kuma dole kowace ɗaliba ta zo da kanta a ɗauki hotonta da zanen yatsanta. Wadda ba ta zo ba ta rasa shekarar gaba ɗaya. Shugaban makaranta ya kira ni ya ce in ajiye majigin, ya kuma nuna kamar bai tuna ya taɓa ba ni izini ba. Daga ofishinsa ɗakin malamai na wuce, raina a ɓace, na tarar da Malam yana duba littattafan yara. A gaban kowa na ce masa burinsa ya cika, tunda shi ya kai tsegumina cikin gari don ya ga yara sun fi son darasina. Na faɗi maganganun da ba zan iya maimaita su a nan ba. Ya ci gaba da duba littattafan da jan bironsa.

Da yamma Inna ta zaunar da ni tana tsinkar zogale, ta wanke ni tas. Ta ce labarin rashin kunyar da na yi ya riga ni isowa gida. Ta ce babu wanda ya kai tsegumina, matar da ke sayar da awara a bakin makaranta ce ta ga tagogi a toshe da zanin gado, ta tambayi wata, wata ta tambayi wata. Malam ɗin da na zaga kuwa, tun ranar Asabar yake bin majalisun maza bayan la'asar yana rantse musu cewa ni 'yar mutunci ce, ƙuruciya ce kawai. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Washegari tun kafin a buga ƙararrawa na tare shi yana kafe babur ɗinsa, na durƙusa na ce Baba ka yafe mini. Ya ce in tashi kada yara su gani, ya yafe, amma har yanzu bai yarda da kallo a aji ba, sai dai yanzu ba wannan ce maganar ba, maganar yara tara ce.

Shi ya kawo dabarar. Ya ce shi yana iya zama da maza amma ba ya shiga cikin gidaje, ni kuwa ba ni da wurin zama a majalisa amma babu ƙofar da za a hana ni shiga, kuma a irin wannan magana idan uwa ta gamsu an yi rabin aiki. Ya roƙi mai unguwa, uwargidan mai unguwar ta aika wa iyayen yaran mata su zo gidanta da 'ya'yansu ranar Alhamis bayan azahar. Aka kewaye rumfar tsakar gida da asabari, na rataya farin mayafina a jikin katanga. Mata sun fi talatin, har da waɗanda ba a gayyata ba. Kafin in kunna komai na miƙe na ce na yi kuskure da na rufe tagogi, ina neman afuwa. Wata dattijuwa ta ce su ba su zarge ni da mugun nufi ba, amma ni gobe ana iya yi mini canjin wurin aiki in tafi abina, maganar da aka yi a kan yarinya kuwa a garin za ta zauna tare da ita. Gaskiya ta faɗa.

Na kunna fim ɗin tsohuwa mai tumaki, na ce ni ba zan fassara ko kalma ɗaya ba, 'ya'yansu ne za su yi. Da farko yaran suka noƙe. Sai wata siririya, wadda ta fi kowa shiru a ajina, ta fara faɗa da Hausa a hankali abin da tsohuwar take gaya wa ɗanta. Mahaifiyarta ta juyo ta ƙare mata kallo, ta ce ita ba ta yarda ba, yarinyar nan tsara zance kawai take yi daga abin da ta gani. Uwargidan mai unguwa ta ce abin mai sauƙi ne. Ta sa aka fitar da wata yarinyar can bayan rumbu inda ba za ta ji ba, siririyar ta fassara wani guntu, aka dawo da waccan, na mayar da fim ɗin baya. Abin da ta faɗa shi ta farko ta faɗa, har da inda tsohuwar ta ce wa ɗanta ba shi da kunya. Rumfar ta kaure da shewa. Daga nan ba a ƙara saurara mini ba, kowace uwa ta jawo 'yarta kusa tana tambaya me ta ce, me ya ce. Wata da ta tashi a gidan kiwo ta dage cewa Baturiyar ba ta iya riƙe ɗan rago ba. Mahaifiyar siririyar ba ta yi dariya da su ba, 'yarta kawai take kallo tana goge ido da bakin mayafi. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba.

Ranar Litinin 'yan mata shida suka dawo, ranar Laraba biyu suka biyo baya, aka yi musu rajista saura kwana biyu a rufe. Ta tara ba ta zo ba. Mahaifinta ya ce wa Malam ya gamsu, amma ya riga ya rantse a gaban jama'a cewa bana ba za ta koma ba, kuma ba zai janye ba. Sau uku Malam yana komawa, bai samu ba. Iyaye da kansu suka ce a ci gaba da majigi, da sharaɗin ƙofa da tagogi a buɗe, kuma duk uwar da ta ga dama ta zo ta zauna. Hoton ya dusashe, amma ana gani, kuma ba a rasa tsohuwa ɗaya ko biyu a bakin ƙofa. Malam ya riƙa sa yara su rubuta wasiƙa zuwa ga mutanen cikin fim, yana cewa tunda an ƙi jin maganarsa gara a ci moriyar abin. Da sakamako ya fito, takwas ɗin nan duk sun ci Turanci, ajin kuma ya yi abin da Malam ya ce bai taɓa gani ba a makarantar. Siririyar nan yanzu tana karatun aikin jinya.

Ina alfahari da wannan, kuma har gobe ina koyarwa da majigi, ba wanda zai ce mini ba ya aiki. Amma ina roƙon 'yan'uwana sababbin malamai, idan aka tura ku garin da ba naku ba, kada ku ɗauka dabara mai kyau ta isa. Wanda ya riga ku zama a wurin yana iya yin kuskure a kan darasi, ya kuma yi daidai a kan mutane, ku saurare shi ko da maganarsa ta yi muku ɗaci. Duk abin da za ku yi da 'ya'yan mutane ku yi shi inda iyayensu za su iya leƙowa. Yarinyar nan ta tara ta dawo da shekara ta zagayo, ta zauna aji ɗaya da ƙannenta, ta ci jarabawarta. Idan mun haɗu a kasuwar Gwaram har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni, ba ta taɓa nuna mini komai ba. Ni dai na san shekara guda ta rayuwarta ta tafi saboda ban iya jira kwana biyu in gaisa da mai unguwa ba, kuma ba ni da inda zan samo ta in mayar mata.