Waƙar Istifanus da Ƙanensa Mai Kishi

Kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ranar Litinin ce, ɗaya ga Oktoban 1979, ranar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji huɗu karo na biyu, don malamai sun lura ban gama jin daɗinsa ba a karon farko. Gidan hayarmu a Kakuri irin mai ɗaki na kallon ɗaki ne, kuma ranar duk mutanen gidan sun kewaye rediyon Baba Audu mai gadi a tsakar gida. Aka gama dogayen jawabai da Turanci, muka tafa ba tare da mun gane ba. Sai mai gabatarwa ya ce ga wata sabuwar waƙa daga nan Kaduna. Jita ta yi wani siririn kuka, sannan muryar uwata ta fito daga cikin akwatin. Mata suka rangaɗa guɗa. Mama tana bakin murhu, ko waiwayowa ba ta yi ba. Ni kuwa na buɗe ƙirji ina jiran duniya ta ji sunana. Sunan da ya yi ta fitowa har waƙar ta ƙare, Istifanus ne.

Istifanus yayana ne. Kogin Kaduna ya tafi da shi wata damina da ya je wanka da abokansa, ba a ga ko gawarsa ba. Babanmu kuwa ƙurar audugar masaƙa ta cinye masa huhu tun ina goye. Saura ni da Mama da jitarta. Saratu mai jita ake ce mata, ta fi shekara ashirin tana waƙa a ƙananan otal-otal na unguwannin Kakuri da Television, musamman ƙarshen wata in masaƙa ta biya albashi. Takan zura wuyan kwalba a ƙaramin yatsa ta riƙa jan sa a kan wayoyin jitar lantarki, sai ka ji abin yana kuka kamar mutum. Waƙoƙinta ba na rawa ba ne, masu nauyi ne, su tafi a hankali kamar mai ɗauke da tulu. Mashaya sun sha jifan ta da murfin kwalba wai tana ɓata musu giya. Matan zumunta na cocinmu sun hana ta ankonsu. Furfura ta fito mata, samari masu sabon kiɗa suka ture ta gefe, har ta fara soya ƙosai da safe. Ana cikin haka wani mai kamfanin faifai ya zo daga Legas neman budurwa mai rawar kai, ruwan sama ya tsare shi a otal ɗin da Mama take waƙa, ya ji waƙar Istifanus, ya kasa tashi.

Faifan ya karɓu irin karɓuwar da ba wanda ya zata. Mai shayi shi, direban bas shi, teloli shi. Da jiniyar masaƙa ta busa ma'aikata suka ɓarko waje, za ka ji ƙarti suna rera ta suna share ido a ɓoye. Matan zumunta suka aiko da anko, an ma ɗinka. Baƙi suka riƙa zuwa gidanmu, su yi kuka, su shafa kaina su ce, "Wayyo, kai ne ƙanen Istifanus?" Ba wanda ya taɓa tambayar sunana. Bulus ne, in akwai mai so.

To, a duba mini wannan shari'a. Ni ke ɗibar ruwa a famfo tun da duhun asuba, ni ke kai masara inji, ni ke tsinto itace a bakin layin dogo, ni ke ɗaukar lasifikar Mama a ka har wuyana ya gajarce. Istifanus da yake raye aikinsa satar nama a tukunya da ƙwanƙwasar kaina. Ko a filin makaranta, in muna langa ko ƙwallon tsumma aka ka da ni, sai yara su kewaye ni suna rera waƙarsa. Na zauna na yi nazari irin na mai maimaita aji huɗu, na gano cewa Mama ba ta yi wa mutum waƙa sai kogi ya ɗauke shi.

Wata Asabar da hantsi, ruwa bai gama janyewa ba, dawa ta yi tsayi a gonakin bakin kogi, na gangara can. Na tuɓe rigar makarantata mai facin zanen Mama a kafaɗa, na ajiye ta a kan dutse da takalmina na roba, kusa da inda masu wanki suke shanya. Na shige cikin dawa na kwanta rub da ciki, inda nake hango dutsen. Har amshi na tanadar mata a raina, saboda Bulus ya fi Istifanus sauƙin rerawa. Wani mai wanki ya ga rigar, ya gane facin, ya aika yaro da gudu.

Mama ta zo ba ɗankwali, ba takalmi, hannunta duk ƙullun ƙosai. Ta ɗauki rigar, ta juya ta, ta ajiye. Na kasa kunne. Ba ta yi waƙa ba. Wata irin ƙara ce ta fito daga maƙogwaronta, wadda ban taɓa jin irinta a bakin mutum ba, kuma ba na fatan in sake ji. Daga nan ta miƙe ta shiga ruwa kamar mai tafiya kasuwa, gwiwa, ƙugu, ƙirji. Maza uku suka bi ta, ta ciji ɗaya har jini, igiyar ruwa tana jan su gaba ɗaya. Na fito daga cikin dawa daga ni sai gajeren wando, ina kiran Mama, Mama. Da suka jawo ta bakin gaɓa ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sai ta zauna a cikin laka. Na so ta dake ni. Ba ta dake ni ba, ranar ko wata rana.

Muryar Mama ta tafi. Ta buɗe baki sai iska. An riga an shirya mata babban wasa a Legas, na farko a rayuwarta, aka ba wani. Jita ta koma ƙarƙashin gado. Kullum da safe takan riƙe wuyan hannuna ta kai ni har ƙofar aji, ƙato da ni, yara suna dariya, in an tashi in tarar da ita a gindin mangwaro tana jira. Ɗakinmu ya yi shiru, alhali ta kowace taga a unguwar muryarta ce ke fitowa tana kiran ɗan da ya mutu. Sai bayan Kirsimeti maganar ta fara dawowa, a dishe, da tsaga a cikinta wadda ba ta sake haɗewa ba. Da wannan tsagaggiyar murya ta yi faifai na biyu, ya fi na farko tafiya, masana suka ce yanzu ne muryar Saratu ta nuna. Nakan ce ashe ni ma ina da hannu a ɗaukakarta. Ni kaɗai nake dariya in na faɗa.

Yau masaƙun Kakuri sun rufe, ciyawa ta cinye ƙofofinsu, jiniyar da muke sanin lokaci da ita ta yi shiru. Sabon Tasha da muke zuwa harbin tsuntsaye ta cika da keke napep da hayaƙi. Wani lokaci nakan ji waƙar Istifanus tana fitowa daga wayar wani yaro mai keke, yana kaɗa kai, bai san akwai kogin da gaske ba. Nakan so in sake jin ta daga bakin murhu, ba daga aljihun wani ba.

A can Sabon Tasha Mama ta ƙare kwanakinta a gidana. Wata rana da la'asar, hannunta ya riga ya daina iya riƙe jita, ni ma furfura ta fara, na ga ta saki jiki, sai na ɗauko tsohuwar ƙarata cikin raha. Na ce, "Mama, an yi wa kogi waƙa, an yi wa masaƙa, har mai ƙosai kin yi wa. Ni dai har yau shiru."

Ta dube ni sama da ƙasa, da wannan dishasshiyar murya ta ce, "Bulus, tun ranar bakin kogi nake roƙon Allah kada ya ba ni dalilin yi maka waƙa. In daina ne?"