Malam Barau, Mai Walkin Masu Inji

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 7 ga Oktoba, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Barau baduku a gidansa na Kademi, bayan jinyar kwana tara.

Malam, ka tafi ana gab da sussuka, kuma hankalina ya ƙi kwanciya.

Da can kuben wuƙa kake ɗinkawa, sai takalma jefi-jefi. Ni ne sanadin canjin. Shekara goma sha ɗaya ke nan, na taso daga masallacin Juma'a da babbar riga na zarce wurin injin niƙana a Gafasa, don a wajenmu abin kunya ne magidanci ya tuɓe riga gaban mata masu kawo niƙa. Bel ɗin injin ya kama hannun rigar, ya tafi da hannuna na dama.

Da ka zo duba ni ba ka yi dogon jaje ba. Yagaggiyar rigar ka ce a ba ka. Bayan mako biyu ka dawo da walki na fatar akuya, mai rufe ƙirji har gwiwa, da igiyoyin da ke naɗe hannun riga su ƙulle a baya. Ka ce, "Tunda ba za ku tuɓe ba, sai mu ɗaure ku." Na farkon kyauta ka rabar. Kafin shekara ta zagayo, maƙera da masu walda har daga Toranke suna cika zaurenka, kai kuwa kana yi musu faɗa kamar kai ka haife su.

Mutum ɗaya ya gagare ni, ƙanena Maikuɗi. A wurinsa walki kayan mutanen da ne. Kunyarka kaɗai ke sa shi ɗaurawa, don duk kaka sai ka hau keke ka bi masussukai kana leƙe. Jiya a wurin sadakar uku na ji yana cewa gobe Asabar zai tayar da injinsa na sussuka. Na roƙe shi, ya yi dariya ya ce, "Yaya, abin da Allah ya rubuta ai ba fata ce za ta hana shi ba." Tsoro nake ji, Malam, kuma yanzu ba ni da wurin kai ƙara.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa hannayen da ka tsare su yi maka shaida ranar gobe. Ya ba mai ɗakinka Hansai da 'ya'yanka haƙuri. Mu kuma Allah ya fitar da mu kakar bana ba mu sake shimfiɗa tabarmin makoki ba.

Mudassir mai inji, Gafasa