Ganyen da Ba Ka Goge Ba

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi makomarmu take. Da safiyar Laraba, tara ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran yayana, wanda duk unguwa ta sani da Mai Walda, bayan ciwon ƙirji na 'yan kwanaki da shi kansa bai ɗauka a bakin komai ba. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, ya bar mahaifiyarmu da tsufa ya lulluɓe wa tunani, ya bar ni, ƙanwarsa tela, da na saba jin ƙarar gudumarsa ta bayan bangon shagona. Tun daga ranar ban hau keken ɗinki da daɗi ba. Nakan taka kaɗan, in tsaya in kasa kunne, kamar wadda aka kira daga nesa.

Yaya, jama'a sun yi ta zuwa gaisuwa, kowa da alherin da yake faɗa a kanka. Ni kuwa saƙo aka ba ni in kawo maka, kuma ban ga wata hanya ba sai wannan. Amma ka yi haƙuri in faro daga tushe. Ka san halina, ban taɓa iya yanka magana daidai awo ba.

Wanda bai taɓa shiga shagonka ba zai zaci ƙofofi da tagogi kawai kake yi. Su ne a gaba, jingine da bango. Amma in mutum ya ratsa ta tsakaninsu ya kai can ciki, sai ya tarar da wata duniya daban. Itatuwan ƙarfe masu ganyen cokula, kifaye da aka yanko daga tsofaffin gwangwanaye suna lilo a waya, wani doki da sarƙar keke ce gezarsa, jirgin ruwa da ba zai taɓa ganin ruwa ba. In rana ta karkata ta shigo ta hujojin rufin kwano, inuwarsu takan hau bango ta yi ta motsi a hankali. Sau da yawa nakan leƙo da niyyar yi maka faɗa a kan ƙarar da ta hana ni jin masu kawo ɗinki, sai in tsaya a bakin ƙofa in manta abin da ya kawo ni. Kai kuma kana tsugune a bayan baƙin gilashinka, tartsatsi yana zuba a gabanka, shuɗin haske yana wal-wal a rufi. Sai ka ɗaga gilashin ka ce, "'Yar Allura, faɗa kika zo yi ko kallo?"

Wasu ayyukan mutane ne suka sa ka, wasu kuwa zuciyarka ce ta sa ka. Amma ko na saye ne ko na kyauta, doka ɗaya ce: babu abin da zai fita daga shagon nan sai ka shafe shi kaf da ƙyalle mai santsi. In ƙyallen ya maƙale a wani wuri, ko da zare ɗaya ya ja, aiki bai gama ba. Ka koma wa magagari, ka goge, ka sake shafawa. Ragowar yadin shafi na shagona duk kai ka cinye shi. Har na taɓa ce maka in ka yi arziki rabinsa nawa ne, ka ce to, in fara karɓar rabin tsatsar tukuna.

Ni kaɗai na san asalin wannan doka, don a jikina take rubuce. Muna yara ka ƙera mini motar gwangwani, ka miƙo mini kana ta washe baki, bakin gwangwanin ya tsaga mini yatsa. Inna ba ta doke ka ba. Ta ɗaure mini yatsan, sannan ta kama hannunka ta bi da shi a kan wurin mai kaifin, ta ce, "Ɗan Ƙusa, abin da za ka ba mutum, ka fara shafa shi da hannunka." Ɗan Ƙusa take ce maka, saboda kullum aljihunka cike da ƙusoshin tsintuwa, kullum tana ɗinke hujoji. Babu mai kiran ka haka sai ita. Tabon yana nan a yatsana har yau, ina ganin sa duk lokacin da na zura zare.

Na tuna mai otal ɗin nan da ya sa ka yi masa katafaren dawisu don ƙofar shiga. Ya zo da mota da masu ɗauka, yana sauri, baƙi na jira. Ka bi fikafikan da ƙyalle a gabansa, ya ja zare a ƙarƙashin wutsiya, inda ko mai neman laifi ba zai leƙa ba. Mutumin ya yi ta roƙo, ya koma faɗa, ya ce wa zai sa hannu a can? Ka ce, "Yaro, ranka ya daɗe. Yaro ba ya taɓa inda babba ke taɓawa." Ya tafi a fusace da motarsa wayam, sai da ka goge wurin sannan dawisun ya bar shago. Shekaranjiya ya zo gaisuwa da jikarsa a kafaɗa, ya ce a ƙarƙashin wutsiyar nan take ɓuya in ana wasa.

Na tuna kuma tsohon makahon nan mai saƙar kujeru a bakin layinmu. Wata rana jirgin sama ya wuce, ya ɗaga kai ya ce shi fa duk rayuwarsa yana jin kukan abin nan, bai san kamanninsa ba. Bayan 'yan kwanaki ka ajiye masa ɗan jirgi a cinya, daidai tafin hannu biyu. Ya daɗe yana bin sa da yatsu, daga hanci zuwa fiffike, sannan ya yi dariya har da hawaye ya ce, "Ashe kifi ne da hannuwa!" Irin wannan kyautar taka ba ta ƙirguwa, kuma ba ka taɓa son a ambata ba. In an yi haihuwa a layi, sai a wayi gari da furen ƙarfe a kan taga. In wani ya kwanta asibiti, sai a ga ɗan tsuntsu a kan lokar gefen gadonsa yana kaɗa kai in fanka ta juyo.

Mutum ɗaya ce kyautarka ta kasa kaiwa gare ta, kuma ita ce ka fi so ta kai. Tun da mantuwa ta kama Inna, ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta kai ga manta ranaku, har ta kai gare mu. Ni ta mayar da ni "yarinyar nan mai kawo magani". Kai kuwa ta ɗauke ka mai gyaran ƙofa. In ka shigo ka durƙusa ka gaishe ta, sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu, bawan Allah. Ku ba baƙon nan ruwa." Kakan karɓi ruwan ka sha, ka yi godiya kamar baƙon gaske, sannan ka fita tsakar gida kana murza ido. In na biyo ka sai ka ce hasken walda ne. Yaya, na san idon da walda ta taɓa, na kuma san wancan.

Sau ɗaya tak ka faɗa mini abin da ke ranka. Ka ce ba ka neman ta warke, ka san wannan ba a hannun kowa yake ba. So kake kawai ta sake kiran ka da sunan nan ko da sau ɗaya, kafin ɗayanku ya tafi. Daga nan ka shiga ƙera mata abubuwa. Ka kai mata fure, ka kai mata kaza da 'yan tsakinta, ka kai mata 'yar fitila irin wadda muka yi karatu da ita. Kowanne sumul, ƙyalle ya bi shi ya wuce ba gargada. Takan karɓa ta juya shi a hannu, ta ce, "Wanda ya yi wannan ya iya, Allah Ya yi masa albarka." Sai ta ajiye a gefen gado, idonta ya koma taga. Kakan ce mini ai ko ba komai ka samu albarka. Amma kafaɗunka sukan faɗi abin da bakinka ya ƙi faɗa.

Sai ka fara bishiyar gwaiba. Wadda ke tsakar tsohon gidanmu, wadda aka sare lokacin da aka faɗaɗa titi, wadda Inna ke zama a ƙarƙashinta tana tsefe mini kai, kai kuma kana bisa reshe kana jefo mana ɗanyu. Ka ce wannan karon da kayanta za ka yi. Ka bi ɗaki-ɗaki ka tattaro murafen tukwanenta da suka lotse, da tsohon farantinta mai zanen fure, da makullin ƙofar gidan da babu shi yanzu. Ka yanka ganyayen ɗaya bayan ɗaya. Tsayinta bai wuce gwiwa ba, don ta iya ɗora ta a gabanta. Har karkatar da gwaibar take yi wajen rijiya sai da ka sa mata. Ranar da na fara ganin ta a tsaye, wallahi ƙanshin gwaiba na ji a cikin warin ƙonannen ƙarfe, na kuma ji kamar ana zuba ruwa a bokiti a bayana.

Na ce maka ka kai mata haka nan, ta yi kyau. Ka ɗora ƙyallen a wani ganye na can ƙasa, ya maƙale. Ka ce, "Kin gani? Saura wannan. Gobe." Ka rataye ƙyallen a reshe, ka dafe ƙirji ka ce bari ka je ka ɗan kwanta. Kana taka, Allah na tasa.

Mun rasa yadda za mu gaya wa Inna. Da matarka ta daure ta faɗa mata, ta yi salati, ta ce, "Allah Ya jiƙansa. Ɗan waye?" Ban taɓa jin kalmar da ta yanke ni kamar wannan ba. Na fita na bar ɗakin.

Bayan an kwana biyu na buɗe shagonka. Komai yana inda ka bar shi, gilashinka a kan benci, inuwar kifaye tana yawo a bango ba mai kallo. Na ga bishiyar da ƙyallenta a rataye. Na ɗauki magagarin da niyyar in ƙarasa maka, sai hannuna ya ƙi. Ni da allura na saba, kuma na ji ba ni da hurumin taɓa wurin da ka ce gobe. Na rungumo ta a haka na kai gida, na ajiye a kan tabarma gaban Inna. Ban sa ran komai ba. So nake kawai ta isa inda ka nufa da ita.

Hantsi ne, rana tana shigowa ta labule. Inna ta miƙa hannu ta fara shafa ganyayen daga sama, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ta taɓa makullin ba ta tsaya ba. Ta wuce zanen farantinta ba ta tsaya ba. Na ce a raina shi ke nan, wannan ma za ta bi sahun sauran. Hannunta ya ci gaba da gangarowa har ya kai ganyen ƙasa. Sai ta janye shi da sauri, ta duba yatsanta, ta sake mayar da shi wurin ta shafa. Na ga fuskarta ta canja, girarta ta haɗe irin yadda take yi in mun yi ɓarna. Ta ɗaga murya, muryar da na yi shekaru ban ji ba, ta juya wajen ƙofa.

"Ɗan Ƙusa! Kai Ɗan Ƙusa! Sau nawa zan gaya maka? Zo ka goge nan kafin ya yanki ƙanwarka."

Ta juyo ta dube ni, ni ɗin, ba yarinya mai kawo magani ba. Ta kama hannuna ta juya shi, ta nemo tabon da babban yatsanta. Ta ce, "Je ki kira shi. Ki ce in ji ni."

Na ce, "To, Inna. Zan gaya masa."

Kafin azahar tunanin ya sake lulluɓewa, ta koma kallon taga. Amma bishiyar ba ta koma gefen gado wurin sauran ba. Tana nan a gabanta, hannunta a kai.

Duk abin da ka goge sumul ya wuce ta hannunta bai tashe ta ba. Wanda ajali ya hana ka gamawa shi ya tsayar da ita. Na yi ta juya wannan a raina, wani lokaci in ji haushi ya taso mini, in ce da ka ji maganata ka kai mata a ranar, da da kunnenka ka ji. Sai in yi istigfari, don na san da ka iya kai mata abu mai kaifi, da ba kai ba ne ɗan da ta kira. Ɗanka babba ya ce zai goge ganyen. Na ce masa kada ya kuskura.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata maka kabari, Ya haskaka shi da hasken da ba ya ƙona ido. Yadda ka kare hannuwan bayinsa daga kaifin ƙarfe, Allah Ya kare ka daga duk wani tsanani, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka, wadda ta yi haƙuri da tsatsa da ƙonannun riguna ba ta taɓa ƙorafi ba, da 'ya'yanka, Allah Ya raya su Ya shirya su, da maƙwabta da duk wanda ke da wani ɗan ƙarfe naka a kan taga. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Inna kuma Allah Ya sassauta mata, Ya haɗa ku a inda babu mantuwa.

Ga saƙon, na isar. Inna tana kira, Ɗan Ƙusa.