Auta da Tantabarun Bakin Titi

Shagon hoton mahaifinta a ƙarƙashin wani tsohon bene yake, sai an sauka matakala kafin a shiga. Taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi, daidai da daɓen gefen titi. Wanda ke ciki in ya ɗaga kai ba ya ganin fuskar kowa, sai takalma da tayoyin babur da tantabaru masu tsince-tsince. A nan Auta ta yi ƙuruciya, a nan kuma girma ya same ta.

Su biyu ne wurin iyayensu, ita da yayanta namiji. Mahaifiyarsu ta rasu tun Auta na makaranta. Yaya ya samu aiki a wani gari mai nisa, ya yi aure a can. Ita ma tana shirin tafiya karatu ke nan, har ta sayi akwati, sai Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin matakala da kyamara a wuya. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta bi shi, magana ta koma 'yan kalmomi da ƙyar. Aka kwantar da shi a ɗakin bayan shago, labule kawai ya raba su.

"Ki ɗan riƙe shagon, Auta," in ji Yaya ranar da zai koma. "Da na daidaita zan zo in kwashe ku."

Daidaitawar nan ta ci shekaru.

Da safe ta goge wa Baba jiki, ta juya shi, ta ba shi abinci a baki, sannan ta buɗe shago. Aikin duk hoton fasfo ne. "Ɗago haɓa. Cire tabarau. Kar ka yi murmushi." Kusan duk wanda ya zauna gaban farin ƙyallen nan tafiya zai yi, wani karatu, wani neman aiki, wata bin miji. Ta yanke musu hotunansu, su hau matakala, ta bi ƙafafunsu da kallo ta taga. In Baba na nemanta, cokali yake bugawa a ƙarfen gado da hannun hagu, saboda haka iyakar yawonta inda kunnenta zai jiyo cokalin. Masu neman aurenta ma sun zo. Sukan kalli labulen, su shaƙi warin magani, su ce a gaida mai jiki, shi ke nan.

Akwai lokacin da Baba ya juya fuska bango ya ƙi cin abinci. Lallashi ya ƙi, faɗa ya ƙi. Wata safiya bayan an ɗauke ruwan sama, Auta ta hau kujera za ta goge taga, sai ga tantabara tana shan ruwa a wani ɗan rami dab da hancinta. Daga ƙasan nan tsuntsuwar ta yi mata girma, ƙirji a buɗe, motoci a bayanta kamar kayan wasa. Ta ɗauko tsohuwar kyamarar Baba, wadda ya saita a kan hoton baƙi da fari, ta ɗauki hoton tsuntsuwar, ta kai masa don dai ta samu abin cewa.

Ya daɗe yana kallo. Can bakinsa ya motsa.

"Ƙasa," ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Ƙara... ƙasa."

Dariya ta ƙwace mata. Mutumin da ya yi kwanaki bai ce uffan ba, da ya buɗe baki sai gyara. A ranar ya ci abinci.

Washegari ta fita da kwali, ta shimfiɗa a gefen titi, ta gyara mayafi, ta kwanta ruf da ciki, kyamara a kan daɓe. Kawu Tela, tsohon da shagonsa ke saman nasu, wanda suka yi shekaru suna musu da Baba tun suna samari, ya leƙo da almakashi a hannu.

"'Yar nan, me kika yar?"

"Hoto nake ɗauka, Kawu."

"Au, su ma tantabarun fasfo za su yi?"

Layin duk ya ɗauka. Wasu suka ce zaman ɗakin ƙasa ya taɓa mata kai. Bai hana ta ba. Ta koyi yin lamo har tsuntsaye su manta da ita. Ta san gwara ba sa jin tsoron ƙafar mutum sai inuwar hannunsa, ta san hankaka sai ya zagaya ya dube ka da ido ɗaya kafin ya yarda. Gwiwar hannunta ta yi kanta. Sau ɗaya ta gwada hoto mai launi, Baba ya ture hoton, ita ma ta ga dalili: ido ya bar tsuntsu ya tafi kan jar leda da allon talla. Bangon shago ya cika da hotunan tsuntsaye. Ga hankaka a kan murfin kwata ya fi bene tsawo, ga gwara tsakanin takalman masu sauri, ga tantabaru sun tashi fuu gaban motar haya. Duka kuwa a ƙofar shagon aka ɗauke su.

Wata rana wata mata mai farin tabarau ta zo hoton fasfo, ta tsaya gaban bangon har ta manta abin da ya kawo ta. Ashe tana da zauren da ake nuna hotuna a wani gari. Ta ce tana so a rataya su a can, Auta ta zo ta tsaya kusa da aikinta, 'yan kwanaki kawai.

Auta ta kira Yaya, ya ce ai wannan abin farin ciki ne, zai zo ya zauna da Baba. Ta wanke kaya, ta yi guga. Ana gobe tafiya, da hantsi, wayarta ta yi ƙara.

"Auta, ki yi haƙuri, wurin aiki sun hana ni hutu."

"Yaya, ni wa ya taɓa ba ni hutu?"

"Kin san halin da nake ciki..."

"Na sani! Kai ne ba ka san nawa ba. Ubanmu ne mu biyu, ba ni kaɗai ya haifa ba!"

Ta kashe wayar. Sai a lokacin ta tuna labule ba ya tare murya. Ta shiga ta tarar da idon Baba ya kaɗa.

"Tafi," ya ce.

"In tafi in bar ka da wa?" Muryar ta fita da zafin da ba ta yi niyya ba. Ta fito ta zauna a kan matakala ta yi kukanta, ta wanke fuska, domin wani ya riga ya sauko yana son fasfo.

Hotunan suka tafi a bayan mota, ban da ita. Mai tabarau ta aiko mata bidiyo: an rataya su ƙasa-ƙasa, mutane masu kyawawan kaya suna durƙusawa su kalla. Ta nuna wa Baba, suka kalla tare.

Bayan 'yan kwanaki Kawu Tela ya sauko yana dafa bango, da rigar da yake wa maɓalli a kafaɗa.

"Ranar nan kaf layin nan sun ji ki," ya ce. "Nuna min yadda ake juya wannan rigimammen. Duk ranar da ba ni da aiki da yawa, safiyar taki ce."

Ranar farko ta kai har gada, inda shirwa ke shawagi a saman kasuwar 'yan nama. Ba ta san halinsu ba, ga shi hankalinta ya ƙi kwanciya. Ta dawo da sassarfa, ko hoto ɗaya babu. Ta tarar da Kawu yana ɗinki yana zuba, Baba na harararsa yana ƙoƙarin ƙaryata shi.

"Har kin dawo?" in ji Kawu. "Ko rabin labarin ban ba shi ba."

Yaya har yanzu yana kira, yana cewa ya kusa daidaitawa. Auta takan ce Allah ya taimaka, ta ajiye wayar, ta ce wa na gaban farin ƙyalle ya ɗago haɓa.