Faratan Duna

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Tun rasuwar yayana Sabo hannuna ya yi nauyi, masu turo min saƙo ku yafe ni. Yau labarin jinya na kawo muku, ta karen da ya bari.

Na san wasu za su yi dariya. Ba komai.

Mu mutanen Yammedi ne, Yaya Sabo kuma mafarauci ne. Duna baƙin kare ne da ya raina tun yana kwikwiyo, shi ke binsa daji, shi ke gadin awakinmu. Da Yaya ya rasu, karen ya tare a ƙofar ɗakinsa ya ƙi tashi.

Bayan sadakar arba'in na lura yana yawan lasar ƙafafunsa, ba ya hutawa. Na ɗauka ƙaya ce.

Wata safiya ina shara na tsinci farce a ƙasa. Baƙi, lanƙwasasshe, cikinsa ba komai kamar ɓawon gyaɗa. Na daɗe ina jujjuya shi a hannuna.

Kafin sati ya zagayo na tsinci wani. Sai wani kuma. Duk a ƙofar ɗakin mamacin.

Na ɗaga ƙafarsa na duba. Wasu faratan sun tsage gida biyu, wasu sun ɗago suna reto, jan nama a waje, ga mugunya. Ƙafafu huɗun duka. In ya taka sai ya yi wani siririn kuka irin na jariri, ya bar ɗigon jini a baya.

Inna, mahaifiyarmu, ta daina bi ta wannan gefen gidan. Ta ce min, "Habu, karen nan ubangidansa yake bi. Kaɗan-kaɗan yake tafiya."

Maganar nan ta zauna min a ƙirji. Ko ina gona sai in ji kamar sautin lasar nan a bayana, in waiga ba kowa.

Gari ya ɗauka. Wasu suka ce asiri aka yi wa Yaya, ragowar ce ta faɗa kan kare. Wasu suka ce haukan kare ne ke tafe. Mai unguwa ya kira ni ya ce, "Akwai yara a unguwar nan. Ko ka kashe shi, ko a kashe maka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in kai shi likita tukuna. In hauka ne, da hannuna zan yi."

Ya ce to, amma in ɗaure shi kafin nan.

Babu direban da ya yarda ya ɗauki kare. A kwando na sa shi, na ɗaure a bayan babur har Ƙaraye. Ma'aikacin dabbobi na can ya wanke ƙafafun ya ba da maganin ƙwayoyin cuta. Mugunyar ta bushe, faratan ba su daina zuba ba. Da na koma ya ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ka kai shi Kano."

A asibitin dabbobi na Kano wata likita ce ta gan mu. Ta ɗebi jini, ta kankari gindin farce don a duba ko irin cutar makero ce, ta yi ta tambayata abin da yake ci. Na zauna a benci ina jira, igiyarsa a hannuna, shi yana ciki. Warin wurin irin na ɗakin da Yaya ya cika ne. Sau biyu ina fita waje in sha iska.

Da sakamako ya fito ta ce, "Malam, ba hauka ba ne, kuma ba ya kama mutum ko wata dabba. Garkuwar jikinsa ce ta rikice, maimakon ta yaƙi cuta sai ta koma tana yaƙar faratansa."

Na ce, "Likita, ko rashin ubangidansa ne ya jawo?"

Ta ce, "Ba zan ce maka eh ba. Mu kanmu ba mu gama sanin me ke tayar da ita ba."

Aka yi masa allurar barci aka cire faratan da ke reto. Da na gan shi a miƙe bisa tebur, ƙafafu naɗe da farin bandeji, sai na matsa na shafa kansa.

Jinya ta yi tsawo. Ƙwayoyi safe da yamma a cikin tuwo, da ƙwayar man kifi, da wankin ƙafa da ruwan ɗumi. Aka sa masa wata roba kamar mazurari a wuya don kada ya lasa. Kuɗi sun tafi, sai da na sayar da tunkiya da wani abu daga gyaɗar bara.

Na kai wa mai unguwa bayanin likita, ya ce to, Allah ya ba shi lafiya.

Watanni suka wuce ban ga komai ba. Sai ranar nan ina wanke masa ƙafa na ji wani abu mai tauri ya kartar min yatsa. Sabon farce ne, ɗan mitsitsi.

Yanzu sun fito, amma a karkace, kuma suna saurin karyewa. Likita ta ce cutar lafawa take yi, ba ta tafiya gaba ɗaya, magani da yankan farce sai iya rayuwarsa. Farauta ta ƙare masa. Yana dai raka awaki bakin gari ya dawo.

Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan da ba ta ƙyamace mu ba, da mai unguwa da ya saurare ni.

Masu karnukan gadi da na farauta, in kun ga kare na yawan lasar ƙafa, ku ɗaga ku duba. In farce fiye da ɗaya ya zuba, ku nemi likitan dabbobi da wuri. Kada ku fizge wanda ke reto, kada ku zuba masa kalanzir ko baƙin mai. Kuma kada ku yanke masa hukunci kafin a gwada shi.

Wanda ya karanta har nan, ina roƙon ya sa Yaya Sabo a addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.