Inna Kaltume, Wadda Ta Zauna da Masu Sankara Lokacin Korona

Da an idar da sallar asuba a Minjibir, Inna Kaltume za ta yafa mayafinta ta nufi tasha. Motar farko ita ce tata. Shekara da shekaru haka take shiga birnin Kano, wani babban asibiti, ɗakin mata masu ciwon sankara. Ba nas ba ce. Shara take yi, ta goge ƙasa, ta canja zanen gado, ta kwashe aman wadda magani ya tayar wa zuciya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma bai kamata ta tafi shiru ba.

Kowa ya san yadda jinya take a wajenmu. Ƙanwa ko ɗiya ce ke zama gefen gado, ta dama kunu, ta yi wa mara lafiya wanka. Da korona ta shigo, ana gab da azumi, aka sallami masu jinya kaf, aka sa dokar kulle, motoci suka daina tashi. Da Inna Kaltume ta yi zamanta a gida, ba mai ganin laifinta. Sai ta shimfiɗa tabarma a ɗakin da ake ajiye tsintsiya, ta ce ita ta tare.

Duk da tsantsenin da aka yi, cutar ta shiga ɗakin. Matan nan maganin sankara ya riga ya raunana musu garkuwar jiki. Zazzaɓin da mai ƙarfi zai kwanta ya tashi, su numfashinsu yake kamawa. Duk wadda ta kamu, dole likitoci su dakatar mata da magani har ƙirji ya lafa, ƙarin sankarar kuwa yana ta girma abinsa. Nas Ramlat, wadda suka yi aikin tare, ta ce gadajen da suka yi shekara ana hira a kansu haka suka riƙa zama wayam, ɗaya bayan ɗaya.

A cikinsu akwai Aina'u, mutuniyar Bagwai, mai sankarar mama. Ta kusa kammala magani, har an ce mata bayan Sallah za ta koma gida. Sai tari ya kama ta. Da aka killace ta, Inna Kaltume ta roƙa a ba ta rigar kariya da takunkumi, ta bi ta.

"Inna, ba kya jin tsoro?" in ji Aina'u.

"Ina ji mana, 'yar nan. Buɗe baki ki sha."

Kullum da hantsi mijinta, Malam Muntaka, yakan kira ta a waya daga gona. Da numfashi ya gagari Aina'u, Inna Kaltume ce ke kara mata wayar a kunne. "Malam, tana jin ka. Ci gaba da magana." Shi kuwa ya yi ta ba ta labari, ruwa ya sauka, ya shuka gero, autarsu ta fara tafiya. Aina'u sai dai hawaye. Ana jibi Sallah Allah ya karɓi abinsa. Mijinta bai ga fuskarta ba.

Ita ma Inna Kaltume ta kamu, ta sha jiki, har yau ƙirjinta bai koma daidai ba. Da ta koma Minjibir, maƙwabtan da suka saba cin tuwo da ita suka riƙa janye 'ya'yansu in ta doso. Ba ta riƙe kowa ba. Tana samun ƙarfin ƙafa ta hau mota sai Bagwai, ta yi tambaya har aka kai ta gonar Malam Muntaka, ta tarar da shi yana noma.

"Ni ce mai riƙe wayar," ta ce. "Na zo in gaya maka ba ita kaɗai ta cika ba. Hannunta na cikin nawa. Na juya ta alƙibla, kuma da kalmar shahada a bakinta."

Ya ajiye fartanya, ya zauna a kan kunyar gero.

"Abin da ke hana ni barci ke nan, Inna."

Inna Kaltume, ke ce ƙanwar wadda aka raba da ƙanwarta, ke ce uwar wadda uwarta ke nesa. Ba ki hana ajali ba, amma kin hana bayin Allah tafiya cikin kaɗaici. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar ƙirjinki, ya jiƙan Aina'u da 'yan'uwanta na ɗakin nan. Mu kuma, ko a unguwarmu ba a rasa mai ciwon da mutane suka gaji da dubawa. Mu leƙa, mu zauna, ko ba mu da abin cewa.